Likitan da Ba Ya Fara Gaisuwa

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa, fentinta ya koɗe, bishiyar lemo ta leƙo ta kan katanga. Nan tsohon likitan ya ƙarasa rayuwarsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Manya suna ce masa Likita. Yara kuwa sai sun tabbatar ya yi nisa, su ɗaga murya su ce "Likitan mahaukata!" su watse da gudu. Yana jin su sarai, bai taɓa waiwayowa ba.

Abin da unguwa ta fi saninsa da shi, ba ya fara gai da mutum. In ka gaishe shi zai tsaya cak, ya amsa da fara'a, ya tambaye ka gida da yara har da wanda ya yi tari bara. In ka yi shiru kuwa, zai wuce ka kamar ya wuce sandar lantarki. Mutane suka ce girman kai ne irin na waɗanda suka yi karatu a waje. Allah ya sani ba haka ba ne.

Tun yana sabon likita abin ya samo asali. Wata rana a kasuwa ya hango wani mutum da ya yi jinya a hannunsa ya warke, farin ciki ya kama shi, ya ɗaga hannu daga nesa yana kiransa. Ashe mutumin yana tare da iyayen yarinyar da yake nema. Suka dubi Likita, suka dubi mutumin, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ina ka san wannan?" Maganar auren ba ta sake tashi ba. Tun daga ranar Likita ya ɗaukar wa kansa alkawari, wanda ya taɓa kwanciya a hannunsa shi ke da ikon ya san shi ko ya ƙi saninsa a waje. Da ya ƙara tunani sai ya ga in marasa lafiyarsa kaɗai yake wa shiru, shirun ma zai tona su. Sai ya haɗa kowa da kowa, da liman da mai wanki da maƙwabcin da suke katanga ɗaya. Ya rufa wa mutane asiri, ya rufe wa kansa ƙofa, kuma bai taɓa yi wa kowa bayani ba, don bayanin ma tonon asiri ne.

Mahaifinsa maƙeri ne. Likita yana da wa, babban ɗan gidan, wanda ciwon ya kama yana saurayi, ya daina barci, ya riƙa faɗa da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Da abin ya fi ƙarfin gida, uban da hannunsa ya ƙera marin da aka sa masa a ƙafa, yana dukan ƙarfe hawaye na zuba a kan maƙera. A wannan marin wan ya rasu. Likita bai cika ba da labarin ba, amma shi ne ya kai shi inda ya je. Da ya dawo daga karatu ya ce ƙwaƙwalwa ya karanto, mahaifiyarsa ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Duk likitocin da Allah ya yi, na ido, na haƙori, na ciki, kai sai na mahaukata? To wa zai ba ka 'yarsa?" Aka kuwa ba shi mata. Malamar makaranta ce, ta ce ita da ke wuni da yara cike da aji, ba abin da zai ba ta tsoro a wurin aikinsa.

A lokacin babu irinsa ko ɗaya a duk yankin. Aka ba shi wani ɗaki a can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, daf da ɗakin ajiye gawa. Dogon ɗaki ne, tagoginsa can sama kusa da rufi, ƙasa siminti, an kakkafa zobban ƙarfe a jere, kowane zobe da sarƙarsa, kowace sarƙa da mutum. 'Yan uwa su kawo nasu, a ɗaure, su tafi. Abinci a tura da sanda. Likita ya shiga ya fito, ya tafi maƙerar ubansa ya aro zarto da guduma. Ma'aikacin da ke gadin ɗakin ya riƙe kai.

"Likita, in suka taso mana fa?"

"Sai ka riga ni gudu, ai ka fi ni dogayen ƙafafu."

Ba wanda ya taso. Wasu ma da aka kwance su, ba su matsa daga jikin zoben ba sai da aka daɗe, suna zaune daidai inda sarƙar take ƙarewa. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma ya zauna a ƙasa tare da su, farar rigarsa na kwasar ƙura. Ba ya tambaya da yawa. Yakan zauna shiru har mara lafiya ya gaji da shirun ya fara magana. Ya kawo gadaje, ya kawo magani, ya sa aka sassauko da tagogi a sabon ginin da ya yi ta naci har aka yi. Tsohon ɗakin aka mai da shi wurin tara karyayyun kujeru da gadajen da suka yi tsatsa, amma zobban suna nan, don an zuba su cikin siminti sosai, ba wanda ya ga amfanin wahalar tone su.

Wani abin da ya shiga ransa kuma shi ne labarin yadda ake jinya kafin zuwansa. Ranar hutu maimakon ya huta, sai ya ɗauki jaka ya bi tsofaffi, ungozoma da maɗori da masu sayar da saiwoyi, ya zauna gabansu kamar ɗalibi. Ba ya raina su, ba ya kuma yarda da duk abin da suka ce. Yakan ce wanda bai san yadda aka yi kuskure jiya ba, gobe zai sake shi yana murna ya ƙirƙiro sabon abu. Ya rubuta littattafai a kan haka. Masu ɗab'i suka kawo masa su cikin kwalaye, aka jibge a falo. Matarsa ta shimfiɗa wa kwali ɗaya ƙyalle ta ɗora fanka a kai, ta ce, "Alhamdu lillahi, ga ilimi ya fara amfanar mutanen gida." Ya yi dariya har da tari. Ita kaɗai ke iya sa shi irin wannan dariyar.

Ya yi ritaya ba da daɗewa ba ta rasu. Ɗansa namiji yana wata ƙasa mai nisa, 'yarsa tana aure a wani gari, takan bugo waya ta ce, "Baba ka ci abinci?" ya ce ya ci, ko da ruwan shayi ne kawai a cikinsa. Gidan ya yi masa yawa. Ya rufe ɗakuna, ya tattaro rayuwarsa zuwa falo, gado a gefe, tebur a gefe, sallaya a tsakani. Lemo ya riƙa nuna yana faɗuwa a tsakar gida yana ruɓewa, yaran layi na kallonsa ta kan katanga, ba mai shiga ya roƙa, shi kuma ba ya kira. A masallaci yakan yi sallama dama da hagu kamar kowa, ya zauna ya ja carbi, mutane su fita bibbiyu suna hira, shi ya nemi takalminsa ya fita shi kaɗai. Da yawa daga cikin masu wuce shin nan ya san abin da ke hana su barci, ya san wanda uwarsa ta kwana a hannunsa, ya san wanda ya taɓa kuka a kafaɗarsa. Su ma sun san ya sani, shi ya sa suke kallon ƙasa.

Mutum ɗaya ce ba ta kallon ƙasa. A bakin layin akwai ɗan shago na wata dattijuwa, ana ce mata Mai Shago, gajeriya mai ƙiba, tabarau ɗaure da zare a wuya, bakinta ba ya hutawa. Tun daga nesa take ɗaga murya.

"Likita! An fito? Yau ma sukari? Kai da ke hana mutane sha!"

"Ni ƙwaƙwalwa aka ba ni, ba ruwana da sukarin kowa."

"To ka duba taka, jiya ka tafi ka bar min burodinka a kan benci."

Kullum bayan la'asar sai ya je. Yana da aljihun tebur cike da ashana da bai taɓa kyastawa ba, da sabulun da zai ishi gida mai yara goma, don ba ya iya zuwa haka kawai, sai ya sayi wani abu. Ya zauna a bencin ƙofar shagon ta yi ta ba shi labarin jikoki, da ciwon gwiwa, da surukarta da ba ta iya ninke zani ba, yana "to", yana "ikon Allah", har a kira magariba. Wannan zaman shi ne hirarsa ta yini gaba ɗaya.

Abin da su biyu kaɗai suka sani a layin, Mai Shago tana cikin waɗanda ya tarar a ɗakin zobba. Yarinya ce ɗanya a lokacin, haihuwarta ta fari, ciwon ya taso mata bayan ta sauka, ta ƙi jaririn, ta riƙa cewa an musanya mata shi. Dangin miji suka kawo ta aka ɗaure a zoben da ke ƙarƙashin tagar gabas. Da hannunsa ya yanke sarƙarta. Ta warke sarai, ta koma ɗakinta, suka tashi daga garin suka daɗe, ta haifi sauran 'ya'yanta lafiya, sai da girma ya kama ta ta dawo ta buɗe shago. Mijin ya rasu, waɗanda suka kai ta duk sun rasu. 'Ya'yanta ba wanda ya sani. Ranar da ta fara ganinsa a layin ita ta fara gaishe shi, kamar yadda ake gai da kowane maƙwabci, shi ma ya amsa haka, kuma a duk shekarun nan ko da ido bai taɓa nuna mata ya tuna ba.

Ana nan sai labari ya iske shi za a rushe tsohon ɗakin, a yi wurin ajiye motoci. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki sanda, ya tafi asibiti. Shugaban asibitin na yanzu ɗalibinsa ne, ya taso da sauri ya tarye shi, ya ba shi kujerarsa, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

"Malam, da ka aiko ai ni zan zo."

"Da na aiko da ka ce kana taro. Ku kullum taro, yaushe kuke ganin marasa lafiya?"

Shugaban ya yi dariya yana sosa ƙeya. Likita bai yi kwana-kwana ba, ya ce ɗakin nan kada a taɓa shi. A share shi, a fitar da tarkace, a bar zobban yadda suke, duk ɗalibin da zai zama likita a kawo shi ya tsaya a ciki ya gani da idonsa. Ya ce abin da ke littafi ana iya cewa ƙari ne, amma ƙarfe a cikin siminti ba ya ƙarya.

"Malam, ni na yarda da kai. Amma kwamiti ne, kuma wallahi mutane na fama, mai kawo mara lafiya sai ya ajiye mota can bakin titi ya ɗauko shi a kafaɗa. Sun ce tarihi ne na likitoci, likitoci ke son abinsu. Sai dai abu ɗaya. Da za a samu ko mutum ɗaya da aka taɓa ɗaurewa a ciki, ya zo ya tsaya gabansu ya ce a bar shi, ba mai iya buɗe baki. Za mu zauna ƙarshen wata."

Likita ya koma gida yana lissafa mutanen ɗakin a zuci, fuska bayan fuska, kamar mai jan carbi. Wannan ya rasu. Wannan ya rasu. Wancan an ce ya bi ɗansa wani gari, ba a san inda yake ba. Duk inda ya zaga sai ya dawo kan mutum ɗaya, ga ta nan a bakin layi tana auna wa yara sukari.

Ya yi kwanaki yana juya abin. Ya je shagon ya zauna, ya buɗe baki, sai ya ce a ba shi ashana. Ya gaya wa kansa ai ba tona ta zai yi ba, tambayarta kawai zai yi, in ta ƙi shi ke nan. Ya gaya wa kansa mace ce mai zuciya, wadda ba ta tsoron kowa, wataƙila ma ta daɗe tana jiran a tambaye ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tattara abin da ya wuce, ya ɗauka duk wanda aka zalunta burinsa a tuna. A nan ya yi kuskure, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ranar da ya yi maganar an yi zafi, layin ba kowa, tana zaune tana ƙulla gishiri a leda. Bai zauna a benci ba, ya matso bakin kanta, ya rage murya.

"Hajiya, za su rushe ɗakin."

"Wane ɗaki kuma? Naka? Ai na ce maka rufin nan..."

"Na asibiti. Na can baya. Mai tagar gabas."

Hannunta ya tsaya a kan ledar. Gishirin ya ci gaba da zuba ta gefe, yana taruwa a kan zaninta, ba ta gani ba. Shi kuwa da ya fara sai ya kasa tsayawa, ya yi ta bayani, kwamiti, ɗalibai, 'yan baya da ba su san komai ba, mutum ɗaya kawai ake nema, magana kaɗan za ta yi, shi zai tsaya kusa da ita.

Sai ga surukarta ta fito daga cikin gida da kwano a hannu, goyo a baya.

"A'a, Baba Likita, ina wuni? Mama lafiya? Na ga kin yi wani iri."

"Lafiya lau," in ji Mai Shago, muryarta ba ta ko girgiza ba. "Likita ne ke min faɗa a kan gishiri, wai shi ke kumbura min ƙafa. Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Surukar ta juya da sauri. Mai Shago ta bi ta da ido har labule ya rufe, sannan ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. Bai taɓa ganin fuskarta ba fara'a ba, tun waccan shekarar.

"Likita, kai ka kwance ni. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba, kullum na ɗaga hannu kana ciki, kai da matarka. Amma ka ga yarinyar nan da ta shiga? Da uwarta ta san inda na taɓa kwana, da ba ta shigo gidan nan ba. Ina da jikoki mata sun tasa. In na tsaya gaban mutanenka na yi magana da safe, kafin azahar an ce jininmu ne."

"Ba gado ba ne irin wanda ya same ki, na sha faɗa..."

"Ka sha faɗa. Wa ya ji?" Ta kakkaɓe gishirin daga cinyarta. "Ka san tun da na dawo garin nan ban taɓa bin titin asibiti ba? In zan je gidan 'yata sai in zaga ta bayan kasuwa, da gwiwar nan tawa. Jikana ya karye a hannu aka kwantar da shi, na ce zazzaɓi nake, ban je ba, har yau uwarsa na riƙe da ni. Kai kana so a zo a kalli wurin. Ni a wurin na yi fitsari a zaune, ɗana na kuka a wani gida ban san wa ke ba shi nono ba. In don ni ne, su rushe shi, su haƙa ƙasar ma su zubar."

Ya tsaya riƙe da sanda da hannu biyu.

"Ki yafe ni, Hajiya."

"Ba ka yi min komai ba." Ta mai da tabarau, ta jawo wata leda. "Amma da na ɗauka ka manta. Wallahi da na ɗauka ka manta, shi ya sa nake sakewa da kai."

Wannan kalmar ita ta raka shi gida. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba har aka kira magariba. Washegari la'asar ta yi, ya sa hula, ya kai ƙofa, ya tsaya. In ya je, za ta gaishe shi, ya sani, don mace ce mai kara. Amma za ta riƙa kallon bakinsa, tana kallon labule. Ya cire hular ya rataye. Daga ranar in zai fita sai ya bi ta ɗaya bakin layin, in sukari ya ƙare ya saya a wurin wani mutum kusa da tasha, wanda ba ya ɗago kai daga wayarsa.

Ranar zaman kwamiti ya je, don ya ce zai je. Dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa, na'urar sanyaya ɗaki na hura masa a wuya. Suka miƙe suka gaishe shi, wani ya ce ai littafinsa yana nan a gidansu, sai dai bai samu sukunin karantawa ba. Shugaban ya dube shi da fata.

"Malam, an samu?"

Yana iya ba su labarin ba tare da suna ba. A hanya ma ya shirya shi, yarinya mai jego, tagar gabas, titin da ba ta bi. Ya san zai taɓa su, ya ga irin fuskokin da labari ke karyawa. Amma gari ƙarami ne a wurin masu son sani, kuma a ƙarshen teburin akwai wata ma'aikaciya da ke zaune a layinsu. Ban da haka, mai labarin ta riga ta faɗi abin da take so, kuma ba abin da ya zo nema ba ne.

"Ban samu ba," ya ce.

"Ko ɗaya, Malam?"

"Wanda ya kwana a ɗakin ya fi ni iko da shi. Ni da rana nake shiga, in koma gida in ci abinci." Ya dafa tebur ya miƙe. "Ku yi wurin motocinku. Sai dai ku yi shi da faɗi, mai ɗauke da mara lafiya ya samu inda zai buɗe ƙofa."

Suka yi ta ba shi haƙuri, suka ce za a ɗauki hoto a ajiye. Ya ce to.

Da safe aka rushe shi. Ba wanda ya gaya masa ranar, ƙarar katafila ce ta iso har layinsu, ya gane. Ya tafi a hankali ya tsaya a inuwar ɗakin wanki. Rufin ya riga ya tafi, rana ta sauka a kan simintin da ba ta taɓa gani ba. Bango ya faɗi ba gardama, amma ƙasan ya ba su wahala, sai da leburori suka shiga da manyan guduma. Wani lebura mai furfura a gemu ya zo shan ruwa kusa da shi, ya share gumi da gefen riga, ya nuna da haɓa.

"Baba, sannu da hutawa. Don Allah waɗannan ƙarafan na mene ne? Dabbobi ake ɗaurewa a nan da?"

Likita ya gyara tsayuwa. An gaishe shi, an kuma tambaye shi, abin da ya daɗe bai samu a haɗe ba.

"Mutane ne. Ka ga daga can ƙofa har zuwa nan, kowane ɗaya da mutum a jikinsa. Lokacin da na zo..."

"Kai! Zo ka kama nan!" shugaban leburorin ya ƙwala daga can.

"Subhanallahi, mutane," in ji leburan, ya ajiye kofin. "Ina zuwa, Baba." Ya tafi, injin ya sake tashi, bai dawo ba. Likita ya jira har inuwar ta janye daga kansa, sannan ya kama hanya.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar. Ya daɗe kafin ya gane tasa ake bugawa. Surukar Mai Shago ce, da babban faranti a ka, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kwana biyu ba ka leƙo mu ba, ko jikin ne? Mama ce ta ce a raba sadaka gida-gida, ga naka."

Dabino ne da biskit, an ƙulla a leda.

"Sadakar me?"

"Wallahi Baba ba ta faɗa ba. Tun jiya dai take ta rabo, har da kaji ta sa aka yanka. Yau kuma da sassafe ta ce sai an kai ta gidan Anti, 'yarta, wai ta titin asibiti za a bi da ita, ita da ko sunan asibiti ba ta son ji. Mu dai mun ce tsufa ne."

"Allah ya karɓa," ya ce. "Ki ce mata na ce Allah ya karɓa."

"Amin. Sai ka leƙo, Baba."

Ta ɗauki farantinta ta yi gida na gaba. Ya mai da ƙofa ya rufe, ya koma falo, ya ture takardun da ke kan tebur gefe ya kwance ledar. Ya yi bisimilla ya ci dabino ɗaya, a hankali, don haƙoran sun yi saura kaɗan. Mai taushi ne, irin mai tsada, ba wanda take sayarwa ba. Ya zauna yana juya ƙwallon a bakinsa, daga waje yana jin muryar yarinyar tana sallama a ƙofar maƙwabta.